Ranar da Likitan Inshora Ya Zo

"Kada ka tashi," na ce masa. "In ya shigo, ya same ka a kwance. In ya tambayi inda ke ciwo, ka nuna masa."

Baba Kafinta ya dube ni daga kan katifa. "Bature, a can inda ka yi karatu haka ake karɓar baƙo? A kwance?"

"Ba baƙo ba ne, Baba. Likitan kamfanin inshora ne. Abin da ya rubuta, shi za su biya."

Wata biyu ke nan da motar hayar da ya shiga ta daki bayan tirela. Direban ya tsira da ƙwarzane. Baba yana kujerar gaba, shi ya tashi da tsagaggen ƙugu da wani ciwo a ciki wanda asibiti suka ce sai an yi aiki. Kuɗin aikin babu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, don haka ni na cike musu takardun neman diyya. In likitan ya rubuta cewa raunin mai tsanani ne, za a yi aikin.

Ƙarfe goma aka ce zai zo. Na je asibiti karɓo hoton ƙashi, layi ya riƙe ni. Da na dawo, motar likitan tana ƙofar gida.

Na tarar da Baba a falo, zaune a kan kujera. An yi masa aski, ya sa farar riga mai guga. Matarsa tana tsaye a bakin labule.

"Na hana shi," ta ce mini a hankali. "Ya ce in ban ɗaga shi ba, da jan ciki zai fito."

Likitan saurayi ne mai ladabi. "Baba, ina ke maka ciwo?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba. Tsufa ne." Ya nuna da haɓa. "Kujerar da kake kai, ni na yi ta. Shekara ashirin, ko ƙusa ɗaya babu a jikinta."

"Ba ya iya juyawa sai an juya shi," na ce. "Fitsarinsa da jini."

"Bature! Mutum ko ruwa bai sha ba, ka tare shi da zancen fitsari?"

Likitan ya yi murmushi. "Za ka iya tsayawa, Baba?"

Na girgiza wa Baba kai. Bai kalle ni ba. Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Gumi ya keto masa a goshi. Da likitan ya rufe jakarsa, Baba ya ce ba a taɓa fita daga gidansa ba rakiya ba. Ya taka har bakin ƙofa, ya ɗaga hannu, ya jira motar ta sha kwana.

"Rufe ƙofar tukuna," ya ce.

Na rufe. Sannan ya zube a jikina.

Bai ƙara tashi ba. Kwana tara ya yi, ya rasu da hantsi, matarsa tana ba shi ruwa da cokali.

Wasiƙar kamfanin ta iso bayan mako uku. Na sami matarsa a tsakar gida tana shanya, ta ce in karanta mata. Sun rubuta cewa raunin matsakaici ne, majinyacin yana tafiya da ƙafarsa ba da taimakon kowa ba. Abin da suka yanke ko rubu'in kuɗin aikin bai kai ba.

"Zan rubuta musu ƙorafi, Mama. Ina da hoton ƙashin."

"Ka rubuta." Ta matse wani zanen gado, ruwan ya zuba mata a ƙafa. "Amma ya yi kyau a ranar, ko?"

"Ya yi kyau."

Ta miƙa mini gefe ɗaya na zanen gadon. Muka ja, muka karkaɗe, muka rataya shi a igiya.