Goyon Shahida

Mashudatu ta riga ta tayar da babur, sai ta kashe shi ta sake dawowa bakin ƙofa.

"Mma, kin tabbata? In ba za ki iya ba, wallahi ba komai, sai in riƙa kai jaririyar unguwar Kaladan wurin dangin babanta."

"Wace Kaladan? Wuce ki tafi ofis, kada ki makara ranar komawarki aiki."

Faɗa kawai Mma Azeta ta yi wa 'yar tata, amma ita kanta ba ta tabbata ba. Wata biyar ke nan da aka yi mata aiki a kafaɗar dama, bayan santsi ya kwashe ta a bakin famfo. Likitar gashin ƙashi ta sallame ta tun makon jiya, ta ce hannu ya warke, a yi aiki da shi, ban da kaya mai nauyi. Ina! Har yau a manne yake a ƙirjinta. Ta san wata tsararta a nan unguwar Changli da ɗinkinta ya ɓalle garin ɗaga bokiti, aka sake yanka ta. Tun da ta ji haka, ko ludayi da hagu take ɗauka.

To ga Shahida, jikarta 'yar wata uku, wadda ba ta san wurin barci ba sai baya. Ƙarar babur na ɓacewa ta ɓare baki. Mma Azeta ta ba ta nonon da uwar ta tatsa, ta ƙi. Ta jijjiga ta a cinya, ta yi mata waƙa, ta kira ta kishiyata, ta kira ta mummuna. Kuka sai abin da ya ƙaru, har fuskar yarinya ta yi jajir.

Waya na nan kan tabarma. Kira ɗaya ya isa, gobe a wuce da Shahida Kaladan, ita kuma ta shiga layin tsofaffin da ake leƙowa a gaishe su a wuce. Macen da ta goya 'ya'ya bakwai!

"Ke kam ba ki da tausayi," ta ce wa jaririyar. "Zo mu gwada. In ya ɓalle, ke za ki yi wa likita bayani."

Ta durƙusa a tsakiyar katifa, don ko da an faɗi a faɗi kan taushi. Ta yi bisimilla, ta sunkuya, ta zuro yarinyar ta ƙarƙashin hammatar hagu zuwa gadon baya. Saura zani, shi kuwa sai da hannu biyu. A hankali ta kai na daman baya. Jijiyar ta ja, zafi ya tsarga har wuya. Ta tsaya cak, ido a rufe, tana jiran abin da take tsoro.

Ba abin da ya faru. Yatsunta suka kamo gefen zanin, ta jawo, ta ɗaure a ƙirji, ta ƙara da majanyi. Kafin ta kai tsakar gida Shahida ta yi luf. Hawaye ya zubo wa tsohuwa, na murna, ta bar shi ya zuba.

Ƙarfe ɗaya Mashudatu ta dawo shayarwa. Ta tarar da uwarta tsaye a inuwa, gumi sharkaf, tana tsince shinkafa da hannun dama.

"Mma! Ke kika goya ta da kanki?"

"A'a, maƙwabta na tara."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarfe tara."

"Awa huɗu? Haba Mma, me ya hana ki sauke ta ki huta?"

Mma Azeta ta kawar da kai, kunya da dariya suna cin ta. Sannan ta juya mata baya ta ɗan rusuna.

"Zo ki karɓe ta, ƙuguna zai tsinke. Ɗorawa na iya yau. Saukewa sai gobe, in Allah ya kai mu."