Ranar da Na Tuge Albasar Auta

Autata ba ta da magana. In baƙo ya shigo gida sai ta laɓe bayan ƙofa, gaisuwarta ma sai ka kasa kunne. Da ta ce tana son shiga ajin Sinanci da ake yi a makarantarsu bayan an tashi, na yarda, amma hankalina ya tashi da na ji jarrabawar ƙarshen zango ta baka ce.

Sai kuma na ga abin da ban gane ba. Kullum ta dawo da laka a takalmi, ƙasa a farce. Yau ta zo da ganyen kabeji, gobe da tafarnuwa.

"Wai Sinancin ne ake haƙowa daga ƙasa?" na tambayi mamanta.

"Malamarsu a lambu take koyar da su. Su shuka, su yi ban ruwa, su dafa."

"To ai noma aka sa ta. Auta, faɗa mini wani abu da Sinanci."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. Mamanta ta ce, "Kai ma da wannan idon naka, ko ni ka tsare haka sai Hausar ta gudu."

Na yanke shawarar cire ta, ta koma ajin lissafi, inda ba a tsayar da mutum gaban jama'a ya ji kunya. Washegari na rufe shagon ɗinkina da wuri na nufi makarantar.

Lambun yana bayan azuzuwa, an kewaye shi da waya. Malamar ta tare ni a ƙofa, doguwar mace da hular rana, wadda aka ce ta yi karatu a ƙasar Sin.

"Baban Auta, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Magana ce ta kawo ni."

"To bari mu tashi. Ka shigo ka jira, amma da sharaɗi: daga wayar nan zuwa ciki, ba a yin wani yare sai Sinanci. Wanda bai iya ba, hannunsa ya yi aiki."

Na shiga. Yara sun bazu cikin kunyoyi, malamar tana ɗaga tumatir ta faɗi sunansa, su maimaita. Wani ya nemi butar ban ruwa, ba a ba shi ba sai da ya roƙa daidai. Autata kuwa tana can wajen famfo, bakinta a rufe kamar kullum. Na ce a raina, ai ga shi.

Aka nuna mini kunyarta, na tsuguna a gefe. Kabejin ya yi layi tsaf, sai dai a bakinsa wasu siraran ciyayi sun fito, kamar zare ya zazzaro daga kalmasa. Ni tela ne. Hannuna ba ya ganin zare a tsaye ya ƙyale shi. Na tuge ɗaya, na tuge na biyu. Kafin a jima na share rabin gefen, ina jin daɗi na taimaki 'yata.

Sai na ji buta ta faɗi a bayana.

Auta ce. Ta dubi hannuna, ta dubi kunyar, ta buɗe baki za ta yi Hausa, ta hango malamar, sai ta haɗiye. Abin da ya fito kuwa ban taɓa jin irinsa ba. Sinanci ya yi ta zuba, tana nuna ƙasa, tana nuna ni, tana karkaɗa ciyawar a gaban hancina. Nan na ji ƙanshi. Albasa ce mai ganye, 'yar jaririya.

Kowa a lambun ya juyo. Malamar ta jefa mata tambaya, ta amsa ba tare da ta waiwaya ba, ta ci gaba da ni. Yaran suka tuntsire da dariya.

Auta ta kama yatsana ta huda ƙasa da shi, ta miƙo mini albasa ɗaya. Ta faɗi kalma, na saka. Ta faɗi wata, na rufe. In na danna da ƙarfi sai ta buge mini hannu. Haka muka mayar da su duka, gwiwoyina suna ƙara.

Da aka tashi muka fito bayan waya, na ce, "Auta, me kika yi ta faɗa mini ɗazu?"

Muryar ta koma ƙasa. "Cewa na yi sannu da aiki, Baba."

"Duk tsawon nan?"

Malamar ta rufe baki da hularta. "Ni dai ba zan fassara ba. Amma ko a jarrabawa ba na neman rabin wannan. To, wace magana ce ta kawo ka?"

Na kakkaɓe ƙasar wandona, na dubi Auta, ta zuba mini ido.

"Dama tambaya zan yi," na ce. "Wadda na tuge ɗin nan, za ta rayu?"

"In ta sha ruwa kullum. Mai kunyar za ka tambaya."

"To sai Auta ta riƙa zuwa da wuri," na ce, na karɓi jakar Auta na rataya.