Kiɗa a Gaban Makara

Ranar da Malam Gide ya yarda in kai shi Sabuwa daga Ƙanƙara, na san ba don mota ya yarda ba. Wata biyar ina neman ɗiyarsa Hajaratu, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tsohon direba ne, kuma Hajaratu ta faɗa mini cewa a bayan sitiyari yake auna mutum.

Motata irin wadda samari ke yayi ce. Ba maɓalli ko ɗaya a gabanta, sai allon gilashi da ake dangwalawa da yatsa. Ina ji da ita ƙwarai.

"Sa mana labarai," in ji shi. Na sa, a hankali.

Mun wuce Faskari, labarai suka ƙare, gidan rediyon ya saki kalangu. Daidai nan muka sha kwana, sai ga mutane ɗauke da makara a bakin hanya. Na kai yatsa in kashe, taya ta faɗa rami, yatsan ya zame ya ƙara sauti. Kiɗan ya cika daji. Na sunkuya ina laluben allon, ban ɗago ba sai da na ji ya ce, "Hanya." Saura taku biyu in taɓa wani dattijo.

Na taka birki, na kashe motar ɗungurungum. Kunya ta sa na ji kamar in nutse.

Malam Gide ya fita ya bi su. Ni ma na bi, na karɓi gefen makarar, ban ko san mai rasuwar ba. Sai da aka rufe shi muka dawo.

Da muka yi nisa, na ce, "Baba, a gafarce ni. Kowa irin wannan motar yake saye yanzu, shi ya sa."

"Kowa nawa ne ya biyo da ita ta nan?" Ya shafa gilashin da bayan hannu. "Tawa ta da, ko ido rufe na san inda komai yake. Wannan kuwa sai ka dube ta take jin magana. Wanda ya ƙera ta bai san rami ba."

Zuciyata na kan Hajaratu, ina jin na rasa ta.

"Kiɗan laifin mota ne," ya ce. "Idon da ya bar hanya naka ne."

"Haka ne, Baba."

"To. Ka turo manyanka ran Juma'a. Amma in ɗiyata na ciki, duk abin da za ka taɓa a jikin allon nan, ka tsaya tukuna."

Wajen la'asar hadari ya haɗu, gilashin gaba ya fara yin hazo. Na gangara gefen hanya na tsaya, sannan na shiga neman inda ake kunna iska.