Ƙusar Kawu

...kuma wallahi ko ya dafa Alƙur'ani ba wanda zai yarda cewa bai so abin ya kai nan ba. Wa zai yarda? Hammawa ne fa. Hammawan da ya sa wa shugaban makaranta kwaɗo a aljihun babbar riga, a gaban taron iyaye. Ranar boko ya ƙare masa, aji biyar, saura shekara ɗaya tal. Har gobe yana ba da labarin, har da ƙarin gishiri...

Waya na hannunsa, ya ɗaga ta don kowa ya gani. Shagon kafinta na Fadaman Mada, a Bauchi, ya cika, shi ya tara su da bakinsa. Inna Hamsatu na kan benci da mayafinta na Sallah. A cikin wayar ga 'yarta Sa'adiyya, taubashiyarsa, can jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin, da rigar sanyi har wuya.

Sha ɗaya ta yi. Can ba su fara taron ba. Ba za su fara ba sai da kwata, al'adarsu ce: tun zamanin da ba agogo, sai ɗalibi ya ji ƙararrawa sannan ya taso daga gida. Ita ta gaya masa. Komai ita ta gaya masa, a saƙon murya. Jami'ar ta haura shekara ɗari biyar... rana na faɗuwa ƙarfe uku a lokacin sanyi... ɗalibai da fararen huluna, malami da ɗalibi a teburi ɗaya suna shan gahawa, kowa na kiran kowa da sunansa tsirara. Shi kuwa ya kwashe ya zuba wa masu kawo gyaran kujera, kamar a can aka yanke masa cibiya. "Mu a Uppsala..." Mu! Shi da ko Kano sau biyu ya je.

Minti goma sha biyar. Ya isa mutum ya ce, Sa'a, dakata.

Sai ya ƙara ɗaga wayar.

Ƙusa ce ta roƙa, ba wani abu ba. Wai a can idan mutum ya gama rubuta littafin digirin dakta, sai ya kafa shi a jikin katako da ƙusa a gaban jama'a, kowa ya karanta kafin ranar da za a yi masa tambayoyi. Guduma da ƙusa, aikinmu! Ya yi dariya har da riƙe ciki: shekara nawa kina karatu, ashe kafinta za ki zama? Ba ta yi dariyar ba. Ta ce, Hamma, ka ciro mini ƙusar da Baba yake rataye hularsa.

Kawu Mudathir, mahaifinta, Allah ya jiƙansa... Da aka koro Hammawa daga makaranta, guduma kawai Kawun ya miƙa masa. Ramin ƙusar na nan a jikin ginshiƙi, daidai saman kan Inna. Kar ta waiwaya. Ya ciro ta, ai ya ciro. Sai shaiɗan, a'a, ba shaiɗan ba, shi dai — ya bi ta wurin Ɗanlarai mai gyaran lagireton mota, aka zuba masa wata ta dalma, sak, inci shida, aka shafe ta da baƙin mai da ƙasa. Ya naɗe ta a ƙyalle ya ba Juliana, 'yar unguwarsu da ke karatu a can. Wasan taubashi ne fa. Ita ba ta taɓa zuba masa barkono a fura ba? Lissafinsa, tana buɗewa za ta gane. 'Yar kafinta ce, taɓawa ɗaya ta isa. Ta kira shi ta zage shi tas, ya sha dariya, sannan ya aika ta gaskiyar.

Wata uku yana jiran zagin nan.

Jiya da yamma take cewa ba ta kwance ƙyallen ba. Ta sa shi a ƙarƙashin matashi. Wai ba ta son ƙamshin shagon Baba ya fita kafin ranar.

Jiya ma ai da lokaci... da asuba ma... Me ya hana? Mutane. Ya riga ya gayyaci rabin unguwa, ya ce musu da hannunsa ya zaɓi ƙusar da za a kafa a Turai.

Da kwata. Wani dattijon Bature yana magana, ana tafi. Sa'adiyya tana kwance ƙyallen, a hankali, kamar mai kwance jariri. Ba ta ma duba ba, idonta ya cika. Ta juyo ta ce da Hausa, "Inna, ga Baba ya zo."

Inna na share fuska da bakin mayafi.

Sa'adiyya ta riƙe gudumar daga ƙarshen ƙota, yadda Kawu ya koya musu su biyu, rana ɗaya, a kan wannan bencin. Bugu ɗaya.

Ƙusar ta lanƙwashe kamar taliya. Littafin ya zame, ya faɗi ƙasa.

Can ana ɗan murmushi, dattijon Baturen yana miƙo mata sabuwar ƙusa mai sheƙi. Ba ta karɓa ba. Tana murza dalmar da ɗan yatsa, baƙin mai na fita. Yanzu ta taɓa. Yanzu ta gane. Nan shagon, ko Ɗanlarai ya sunkuyar da kai. Ina dariyar? Ai nan ne wurin dariyar, wata uku yana tanadinta...

Ta matso har fuskarta ta cika wayar. Ba zagi. Da ma zagin ne.

"Hamma. Ƙusar Baba ba ta lanƙwasa."

Inna ta waiwaya ta dubi ramin da ke jikin ginshiƙi, ta daɗe, sannan ta dube shi. Ta buɗe tafin hannunta ta ajiye a kan gwiwa.

"Ina ƙusar kawunka?"

Tana nan. Aljihun dama, tun wata uku, tsininta har ya huda rigar. Yana laluba... ga ta, miƙaƙƙiya, ko ɗigon lanƙwasa babu — a Bauchi. Katakon kuwa yana can, ana jira, Baturen bai sauke hannunsa ba.