Kuɓewa a Kan Farantan Sola

Kwana uku famfon sola na wata unguwa a Kebbe bai kawo ruwa ba, aka kira Injiniya Nu'umanu daga Tambuwal. Yana sauka daga babur ya tarar an lulluɓe farantan da yankakkiyar kuɓewa.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?" ya daka tsawa.

Inna Marka, shugabar mata, ta matso. "Ni ce, ɗana. Jami'an abinci suka hana mu shanya a ƙasa. Suka ce mu nemi wuri mai tsabta, sama-sama, mai kallon rana."

Nu'umanu ya gane mutanen da take nufi. Da jami'an nan ya yi kwana biyar a taron haɗin gwiwa, har da ɗaukar hoto.

"Gyara muna da sauri," in ji Marka. "Miya nika son kaɗawa, ba ruwa."