Wanda Ya Yaye Kansa

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara da halin da na kwanta a ciki. Ni marini ne, sunana Ilu. Sau uku ke nan ina haɗa ruwan rini yana mutuwa, in tsoma farin yadi ya fito kamar an wanke shi da toka. Buhun baba ɗaya, wato shunin da muke rini da shi, ya rage mini. In na zuba shi ruwan ya sake mutuwa, sai dai in rufe ramin in nemi wata sana'ar, ina ɗan shekara arba'in da ɗaya. Ubangidana, Baba Nomau, da harshe yake gane ruwa. Zai tsoma yatsa ya lasa, ya ce a ƙara toka, ko a bar shi ya kwana. Shekara bakwai na yi a hannunsa, na tafi ban jira ya yaye ni ba, don a ganina na riga na fi shi. Bara ya rasu.

To, sai ga ni a wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama, kowa ya ɗaure bakin wandonsa da igiya. Ban yi mamaki ba, ni ma na ɗaure nawa.

A bakin hanya wani mai kwat yana auna shawara da mudu, yana cewa sirrin arziki ne cikin kwana bakwai. Mudun ba shi da gindi. Mutane na miƙa buhu yana zuba musu, suna tafiya suna godiya. Har na shiga layi, sai na tuna na taɓa sayen irinta a farke, na fita.

Sai ga ni a cikin wani ofis, an rubuta a ƙofarsa: Neman Ubangida. Awaki ne ma'aikatan. Wata jar akuya mai tabarau ta miƙo mini takardar cikewa, kafin in karɓa ta cinye rabinta.

"Me ke tafe da kai?" in ji ta.

"Baba nake nema."

"Na buhu ko na kabari?"

"Na buhu ina da guda."

"To, na kabari ke nan. Wa ya yaye ka?"

"Ni na yaye kaina."

Duk ofishin aka daina tuƙa. Wani tsohon bunsuru, da alama shi ne babba, ya leƙo daga bayan tebur ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Bawan Allah," ya ce, "ko a cikinmu ba a yin haka. Uwa ce ke ture ɗa in lokaci ya yi."

Na sha jin kunya a duniya, amma wadda bunsuru ya ba ni ta fi zafi, don gaskiya ya faɗa.

Akuyar ta ce za a bar ni in gan shi, amma irina ba sa shiga da harshe, saboda ba ma bari a gama magana. Ta sa kofato ta zare nawa ba tare da ciwo ba, ta rataye shi a ƙusa cikin 'yan'uwansa. Ina fita ina jiyo shi yana ta cewa, "Ai na sani, ai na sani." Muryata ce sak, kuma ban taɓa sanin haka take da ban haushi ba.

Sai ga ni a karofi, wurin rinin da na koyi aiki. Ramukan suna sama, bakinsu na kallon ƙasa, ruwan da ke tashi yana cika su. Na sauka ta wani tsani har na iso can saman. Baba Nomau na zaune a bakin raminsa cikin tsohuwar taguwarsa, hannuwansa shuɗi har gwiwa, kamar yadda na bar shi.

Na ɗauka zai yi faɗa. Na ma so ya yi.

"Ilu, ka zo?" ya ce. "Ka rame. Kana cin abinci kuwa?"

Na tsuguna. Na nuna masa tafin hannuna, ya ga launin tokar da ke ciki, ya gane komai. Ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa, ya gyaɗa kai, ya sake tsomawa ya kawo bakina. Na buɗe, babu abin da zai ɗora a kai.

"Af," ya ce. "Shekara bakwai ina lasa a gabanka. Kullum ina jira ka ce, Baba, me kake ji? Ba ka ce ba. Abin nan ba a faɗarsa da baki, ɗana. Sai ka tsaya kusa da wanda ya sani, ya lasa ka lasa, har bakinku ya zo ɗaya."

Ya jawo wata sandar motsa ruwa sabuwa fil, an ƙona sunana a jikinta.

"Kwana uku bayan Babbar Sallah na sa zan yaye ka. Har goro na saya. Saura mako biyu ka kwashe kayanka. Na ajiye sandar nan shekara biyu a bayan ƙofa, ko za ka biyo ta hanyar. Daga baya na kankare sunan na ba Tukur."

Tukur ƙanena ne a wurin aiki, da shekara uku na riga shi zuwa. Ni na laƙaba masa Ɗan Aike Har Abada, don ya ƙi bi na ranar da na tafi.

"Shi ya tsaya," in ji Baba. "Abin da kake nema yana bakinsa. In ka je, kada ka yi masa magana a tsaye."

Abu ɗaya nake so in faɗa, kalma uku kacal. Na buɗe baki iska kawai ke fita. Na kama ƙafarsa ina girgizawa, shi kuwa yana duban fuskata yana jira, irin jiran da ya saba yi mini. Ruwan ya ƙaru, ya fara ɗaga shi a hankali har ƙafar ta zame daga hannuna. Bai daina jira ba har ya ɓace.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Gari ya waye, matashina ya jiƙe. Na ce, "Baba, ka yafe mini," da ƙarfi, ga harshe ya dawo amma babu mai amsawa.

Matata Hansatu ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Kai da wa?"

Na ce, "Miƙo mini hulata. Zan je wurin Malam Tukur."

"Wane ne kuma Malam Tukur?"

Sai na sake faɗin sunan a hankali, don kada ya maƙale mini a gabansa.