Kanwa a Ƙofar Makaranta

Na cusa babban yatsana ta gefen bakin jakar, na ɗaga leɓenta, na leƙa haƙora. Dillalin yana tsaye a kaina yana ta zuba kamar an kunna rediyo.

"Baba Ƙi-Mutu, rabu da wannan gyatumar. Ga saurayin jaki can, baƙi wuluk, ƙirji kamar bango. Kana hawa sai dai ka ji iska."

"Kai yaro," na ce masa, "ina sayen jakai tun ubanka yana yawo ba wando. Dubi kunnuwan saurayin naka, tun da na doso ya kwantar da su baya. Mai harbi ne. Ni jikana zan ɗora, ba buhu ba."

Ya ja gefe ya ba ni wuri, don ya san da wa yake magana. Ba a banza ake ce mini Ƙi-Mutu ba. Shekarar da yunwa ta share unguwarmu, ni na riƙa haƙa wa waɗanda suka fi ni ƙiba kabari. Ramin yashi ya taɓa ruftawa da ni, aka tono ni ina zagin masu tonon don sun yi nawa. Maciji ya sare ni, shi ya mutu. Ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma da wuya ka nuna mini bangon bulo a garin nan da babu yashina a cikinsa.

Na cire hulata na jefa ƙarƙashin cikin jakar. Ko gezau. Na zagaya bayanta na tafa hannu da ƙarfi, na ja wutsiya. Ta waiwayo ta dube ni kamar mai cewa, tsoho, ka gama? Nan na san na samu. Dabbar da yaro zai fara hawa haƙurinta ake dubawa kafin ƙarfinta. Awakina duka na sayar na biya kuɗinta, ban ko waiwaye su ba.

* * *

Dunƙule ɗan ɗana ne. Ubansa ya tafi neman aiki can nesa, da farko yana kira, daga baya wayar ta yi shiru. Ya bar mini matarsa da yaron. Ita wankau take yi, tsakar gidanmu kullum cike da igiyoyin shanya da ƙamshin sabulu. A shekarar aka sa Dunƙule makaranta, makarantar kuwa tana can ƙarshen gari, kan hanyar rafi. Yaron da bai wuce ƙuguna ba zai dawo ƙafafu sun yi futu-futu, ya yi barci hannunsa a cikin kwanon abinci. Abin da ya kai ni kasuwar dabbobi ke nan.

Ina shigowa da jakar uwar ta saki wankin da ke hannunta.

"Baba, jaka kuma? In ta kayar da shi fa?"

"In ta kayar da shi ƙasa za ta tare shi, ba rijiya ba. Ina maigidan yake?"

Yana can ya laɓe bayan bahon wanki, idanu kawai ake gani.

"Fito mana. Kai da kullum kake cewa za ka ƙwace mini gida, jaka kake tsoro?"

"Ba tsoro nake ji ba, Kaka. Kallona take yi."

"To kai ma ka kalle ta. Kyauta ne."

Ranar ban ɗora shi ba. Wanda bai san jaki ba shi ke ɗora yaro ranar farko. Na sa ya ba ta harawa da hannunsa, ya sosa mata wuya, ta shinshina kansa har ta ja masa riga. Washegari na shimfiɗa mata buhu na ɗaga shi na aza. Na nuna masa ya zauna can baya wajen ƙugu, ya saki ƙafafunsa, kada ya ƙanƙame wuya kamar mai jin tsoron ruwa. Na ce masa sanda don nuna hanya ce, kada in ga ya ɗaga ta sama da kafaɗarsa.

Suka zagaya tsakar gida. Suna bi ta ƙarƙashin igiya wani jiƙaƙƙen zane ya fyaɗe shi a fuska, ya ƙyalƙyale da dariya har yana shaƙewa. Uwar ma ta dara. Rabon da in ji dariyarta tun kafin wayar nan ta yi shiru. Shi ya raɗa wa jakar suna Gyatuma, don na ba shi labarin dillali.

Saura horo, nan kuwa babu wanda ya kama ƙafata. Jaki yana son kanwa kamar yadda yaro ke son alewa. Na hana Gyatuma ita a gida, ko ƙanshinta ba ta ji. Kullum da safe in cika aljihuna da dusa haɗe da garin kanwa, in ja igiya, Dunƙule a bisa da farar rigarsa da jakar littattafai a rataye. Sai mun isa ƙofar makaranta, gindin wata bishiya, sannan in buɗe tafina ta lashe. Nan kaɗai, ba wani wuri ba. Ba a daɗe ba na daina riƙe igiya. Daga baya na daina binsu gaba ɗaya, na riƙa zuba wa yaron kanwar a aljihunsa. Da kanta za ta kai shi, ta ja ta tsaya cak a gindin bishiyar, ta jira har a kaɗa ƙarfen tashi, ta dawo da shi.

Mutane har fitowa suke yi kallo. Mai shayin bakin layinmu ya ce, "Baba, jakar nan ta fi direban malamai sanin lokaci." Na ce masa ya tambayi wanda ya koya mata.

* * *

Sai famfon unguwa ya ƙafe. Mai wankau ba ruwa kuwa zaman banza take yi. Igiyoyin tsakar gida suka koma wayam, tukunya ta fara kwana a kife. Ga Gyatuma ita ma ba iska take ci ba, harawa ta yi tsada. Ni kuma gwiwoyina suka ɗauki wani sabon iskanci, in na durƙusa sai an kama ni. Ba tsufa ba ne, sanyin ramin yashin nan ne ya biyo ni.

Mai shayi ya fara kawo maganar. Ya ce tunda makaranta kan hanyar rafi take, me zai hana in an tashi yaron ya ƙarasa ya ciko masa jarka biyu? Na ga ba laifi, tunda zai biya, mu ma a ciko mana. Ruwa ya dawo gidanmu, wanki ya dawo, tukunya ta tashi zaune. Yaro ƙarami ya ciyar da gida! Na riƙa faɗa a majalisa har aka gaji da ji.

Daga nan sai mai bulo ya aiko. Ya san ni tun ina da garken jakai. Yashi yake so, kuma da safe yake so, kafin rana ta yi zafi leburorinsa su watse. Na fito da tsohuwar mangalata, wato jakar kaba mai baki biyu da ake ɗora wa jaki yashi, na kakkaɓe ta na ɗinke inda ɓera ya ci.

Uwar tana tsaye tana kallona.

"Baba, da safe fa yana aji."

"Rana ɗaya a mako. Karatun guduwa zai yi?"

"Don makaranta ka sayo ta, Baba. Da bakinka ka faɗa."

"Da bakina kuma nake cin abinci, 'yar nan. Ke ma haka."

Ta juya ta koma kan bahonta. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Rana ɗayar ta zama biyu, don mai bulo ya samu babban aiki. Kafin damina ta tsaya, farar rigar tana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya fara saƙa a hannunta.

Wata rana da yamma malaminsu ya zo, wani siriri mai alli a gefen wando. Na ba shi tabarma, na ba shi ruwa, ruwan da Dunƙule ya ɗebo.

"Baba, yaron nan ya fi kowa saurin ɗauka a ajina. Ya fara haɗa baƙi da kansa. In ya daɗe a waje zai zube masa."

"Malam, kai ka yi karatu, ko?"

"Daidai gwargwado."

"To da ƙafa ka zo ko a mota?"

Ya yi murmushin yaƙe. Na ce masa ni ban san hanyar aji ba, amma na binne masu takarda da yawa. Na ba shi labarin yunwa, na ba shi na maciji. Ya yi ta ƙoƙarin sa baki, ban bar masa ƙofa ba. Da zai tafi ya tsaya wajen turke ya shafa wuyan Gyatuma, ya ce wa yaron, "Kujerarka tana nan." A bayan labule na ji uwar tana jan hanci. Mura ce ke yawo a lokacin.

* * *

Sai ƙorafi ya fara zuwa daga wajen mai bulo. Yashi ba ya isowa sai rana ta take, leburori suna zaune suna hamma.

"Maigida, me ke tsayar da kai?"

"Gyatuma ce, Kaka. In mun zo ƙofar makaranta sai ta ƙi tafiya."

Na yi dariya har da tari. Horona ne, ai dole. Na ce a ba ta kwana kaɗan, in ta ga babu kanwa za ta saki wurin. Na san jaki kamar tafin hannuna: yana riƙe wurin da ya ci daɗi, amma in ya yi ta zuwa yana tarar da wayam, da kansa yake haƙura.

Kwanaki suka shuɗe ba ta saki ba. Abin ya tsaya mini a rai. A ce jaka ta ƙaryata ni? Wata safiya na bari suka yi nisa, na ɗauki sandata na bi su ina ɗingishi, ina hutawa a gindin katanga.

Na hango su a gindin bishiyar. Gyatuma tana tsaye da mangala wayam a bayanta. Dunƙule ya miƙe tsaye a kan ƙugunta, ya dafa katangar makaranta, haɓarsa a kan bulo. Tagar ajinsu tana daidai wurin. A ciki yara suna bin malam da ƙarfi, shi kuma leɓunansa suna motsi tare da su, yana zana wani abu da yatsa a kan ƙurar katanga. Da jakar ta fara gundura ta ɗaga ƙafa za ta tafi, sai na ga ya duro, ya sa hannu a aljihu, ya buɗe mata tafinsa.

Na matso na kama hannun. Fari fat da garin kanwa.

"Ina ka samu?"

Ya sunkuyar da kai. "A gwangwaninka na ƙarƙashin gado."

"Tun yaushe?"

"Kaka, ba na shiga fa. Daga nan kawai nake ji. In sun gama karatun safe sai mu wuce. Wallahi ina cika mangalar har baki."

Ka ji ɗan banzan wayo! Yaron da ban daɗe da daina goge wa hanci ba ya ɗauki dabarata ya juya ta a kaina. Jinina ne, ba shakka. A majalisa ranar na ce musu duk wanda ke da jika mai kai irin wannan ya fito da shi mu gani. Babu wanda ya fito.

Amma gida ba ya cin wayo, yashi ake jira. Ban dake shi ba, ban daki jakar ba, ni ba na horo da duka. Na zazzage aljihunsa a tafina, na ɗauke gwangwanin daga ƙarƙashin gado na kai wa mai bulo ajiya. Na ce kullum in an sauke yashin farko, ya ba ta ta lasa a nan cikin filinsa, gefen tulin siminti. Nan kaɗai, ba wani wuri ba.

Na faɗa wa uwar abin da na yi, don ta san irin surukin da Allah ya ba ta. Tana durƙushe gaban baho. Ta ce, "Ashe yana zuwa." Ta ci gaba da cuɗa rigar wani, ta daɗe a kan wuri ɗaya da babu datti.

Mako bai cika ba aikina ya nuna. Na sa mai shayi ya kai ni ƙofar makaranta a kekensa, na zauna nesa kaɗan don in gani da idona. Ga su nan tafe, daidai lokacin da muryoyin yara ke tashi ta taga. Gyatuma ta zo gindin bishiyar, ko kunne ba ta karkata ba. Ta wuce da ɗan saurinta, hankalinta yana can gaba.

"Ka ga horo?" na ce wa mai shayi. "Ni na ɗaura, ni na kwance."

Dunƙule yana zaune can baya wajen ƙugu, yadda na koya masa, ƙafafu a sake. Jakar tana yin gaba, shi kuma wuyansa a juye, yana kallon tagar. Haka ya tafi a waiwaye har suka sha kwanar rafi.

Mai shayi ya ce, "Baba, yaron fa?"

Na ce masa zai daina. Wuyan ne zai gaji.